Bayan Majiya: Wa Zai Saurari Matasan Jigawa?

Tun daren 15 ga Oktoba 2024, da tankar mai ta kife ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, ta lashe rayukan mutum sama da 150, kalmar tallafi ba ta bar bakin jama'a ba. An kai kuɗi da hatsi, an yi jinyar waɗanda suka ƙone. Duk wannan ya dace. Amma da zarar ka ce a ware wani kaso don masu sauraron matasan da suka tsira su ba su shawara, sai a ce maka ai ba mahaukata ba ne, haƙuri kawai za a ba su.

A nan aka yi wa maganar gurguwar fahimta. Saurayin da ya ga ƙaninsa yana ci da wuta, yanzu barci ya ƙaurace masa, warin fetur yana sa shi kyarma, bai kai ga a ce a tafi da shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau ba. Amma ba shi da lafiya. In aka ƙyale shi, mai sayar da ƙwaya ne zai fara sauraronsa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na shaye-shaye.

Doka dai akwai ta. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta tanadi asusu na musamman. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su kai 300 ba. Ko da asusun ya cika ya batse, ba za a samu likitan da za a ajiye a Kiyawa ko Jahun ko Miga ba. To, wa za a kashe wa kuɗin?

Najeriya ta taɓa amsa wannan tambaya, muka manta. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, bayan ya dawo daga karatu a Ingila, ya fara aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta. Ya lura cewa mutumin ƙauye in aka raba shi da danginsa aka kulle shi a ɗakin asibiti, ciwonsa ƙaruwa yake yi. Sai ya sasanta da sarakunan ƙauyukan da ke kewaye. Marar lafiya yakan zo tare da ɗan'uwansa ko mahaifiyarsa, su kama ɗaki a gidan wani magidanci, ya je asibiti da rana a duba shi, da yamma ya koma cikin mutane, ya ci abincin da ya saba, ya ji harshen da ya tashi da shi. Masu gidaje suna samun kuɗin haya, ƙauyukan suna samun ruwa da magani. Abin da ya fi ɗaga hankalin takwarorinsa shi ne yadda ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, domin ya san marar lafiya ya riga ya je wurinsu kafin ya zo gare shi, kuma zai koma bayan an sallame shi. Duniya ta zo ta koya daga Aro, shi kuma Lambo ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin takaici ne a ce ɗaliban aikin jinya namu da yawa ba su taɓa jin sunansa ba.

Kuma ba tarihi ne kawai ba. A 2020 mujallar Lancet ta buga binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda aka haɗa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da masu maganin gargajiya da na addini, marasa lafiya suka fi samun sauƙi. A Zimbabuwe ma Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa da harshen Shona, da tallafin kuɗi daga Kanada.

Mu a nan wa matashi yake fara gaya wa damuwarsa? Malamin Islamiyya, ko liman, ko kakarsa, ko abokan majalisa a teburin mai shayi. Budurwa kuwa uwar ɗakinta ko malamar makaranta. Su ne suke ba da tofi da rubutu, su ne suke yanke hukuncin ko iska ce ko sammu. A koya musu gane alamun da ba su jira: wanda ya daina cin abinci, wanda ya fara maganar gara ya mutu, mai jego da ta ƙi jaririnta. A ba su lambar wayar ma'aikacin lafiya na mazaɓarsu. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma malaman ƙwarai sun san haka.

Ba cewa nake duk abin da aka kira al'ada a rungume shi ba. A 2019 mun ga ɗaruruwan yara da matasa da aka fito da su daga gidajen mari a Rigasa da Daura, ƙafafu a daddaure, jiki duk tabon bulala. Iyayensu ba mugaye ba ne, rasa inda za su kai su suka yi. Wanda ya ƙi biyan kuɗin horar da malami nagari, ya bar wa mai mari kasuwa.

Abin da ba na so a sake gani shi ne kuɗin tallafi ya ƙare a taron bita na kwana uku a otal, da Turanci, a raba jaka da kuɗin zama a watse. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse da asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, masu iya tsara darussan da Hausa da Fulatanci su kuma sa ido. Muna da masarautu biyar da za su kawo limamai da masu unguwanni.

Ya Mai Girma Gwamna Umar Namadi da 'yan majalisar jiha, a sa wa wannan aiki layinsa na kansa a kasafin kuɗi mai zuwa, a fara da Taura da Ringim da Dutse kafin a kai sauran ƙananan hukumomi 24. Masu ba da tallafi daga waje su zo su tarar mun riga mun fara.