Gyaran Katamaran a Lokacin Guguwa: Aikin da Ba Ya Son Gaggawa

Ranar 6 ga Satumba, 2017, mahaukaciyar guguwar nan da aka laƙaba wa suna Irma ta afka wa tsibiran Barbuda da Saint Martin da Tortola a yankin Karibiyan, da iska mai gudun kusan kilomita 285 a awa guda. A wani lungun teku da ake kira Paraquita Bay a Tortola, inda kamfanonin hayar jiragen shaƙatawa suka saba ɓoye jiragensu, sai da iskar ta lafa aka tarar da su jibge a kan juna, wasu a kife, wasu a farfashe. Da yawansu katamaran ne. Ba a cika mako biyu ba, guguwar Maria ta daidaita Dominica, ta wuce Puerto Rico. Haka masu gyaran jirage na wannan yanki suke aiki: hannu na kan ɓarnar jiya, kunne na kan hasashen gobe.

Wane irin jirgi ne katamaran?

Katamaran jirgin ruwa ne mai jiki biyu, dogaye sirara, da aka haɗa da faffaɗan dandamali a tsakiya. A kan dandamalin ake kafa dogon turken da ke riƙe da ƙyallen kama iska. Dabarar tsohuwa ce. Da irin waɗannan tagwayen kwale-kwale mutanen Polinesiya suka ratsa Tekun Fasifik har suka isa Hawai da New Zealand. Na zamani kuwa, mafi yawa daga Faransa suke fitowa, irin su Lagoon da Fountaine Pajot, sai kuma Leopard da ake ƙerawa a Cape Town ta Afirka ta Kudu.

Jirgi mai jiki ɗaya da nauyin dalma ko ƙarfe da ke ƙasan cikinsa yake tsayuwa a ruwa. Katamaran ba shi da wannan nauyi, faɗinsa ne ke riƙe shi. Mai tsawon mita 12 kan kai faɗin kusan mita 7. Wannan faɗi shi ne daɗinsa a teku, shi ne kuma wahalarsa a tudu, don ba kowane filin gyara ne ke da injin da zai iya ɗaga shi ba. In an samu an fito da shi, yana zama daram a kan ƙafafunsa biyu, amma iska na samun hanyar shiga ƙarƙashin dandamalin. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi kuwa ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Shi ya sa jirgin da ya kai tan goma zai iya tashi ya kifa.

Daga Sahel zuwa Karibiyan

Guguwar da ke wannan ɓarna ba baƙuwarmu ba ce gaba ɗaya. A lokacin damina, hadarin da ke haɗuwa a sararin Sahel, daga Chadi zuwa Nijar da arewacin Najeriya, yana gangarawa yamma rukuni-rukuni, har ya fita teku ta gaɓar Senegal. In ya tarar da ruwan Atlantika ya ɗumama, ya kai ma'aunin zafi 26 zuwa 27, sai ya samu abincinsa, ya fara juyi. Mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika ta haka suke somawa, ita ma Irma kusa da tsibiran Cape Verde ta kankama. Lokacin guguwa a hukumance daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani wajen tsakiyar Satumba. A daidai waɗannan watanni ne 'yan yawon buɗe ido ke ƙauracewa, a fito da jirage tudu don gyara. Ke nan lokacin aiki da lokacin haɗari ɗaya ne.

Ɗaurewa kafin gyarawa

Tsibirin Grenada ne ya koya wa masu wannan sana'a darasi. An daɗe ana ɗaukarsa ya yi kudu da hanyar guguwa, don tun guguwar Janet ta 1955 bai sha mummunan bugu ba. Ranar 7 ga Satumba, 2004, guguwar Ivan ta iso, ta lalata kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tsibirin. A filayen gyara, jiragen da aka jera kusa da kusa a kan matokaran ƙarfe suka riƙa faɗuwa, wannan ya ture wancan. Bayan nan aka tsaurara ƙa'ida. Ana cire duk ƙyalle da rumfa, sau da yawa a sauke turken kansa, a ɗaure jirgi da manyan bel zuwa ƙarafan da aka binne a ƙasa ko tubalan kankare. Ana kuma buɗe magudanan jirgin, don ruwan sama da ya taru a ciki ɓarnarsa ba ta gaza ta teku ba.

Ruwan da ba a gani

A nan ainihin aikin yake. Bangon katamaran na zamani hawa uku ne: fatar zaren gilashi da aka jiƙa da gam a waje, wata a ciki, sai soso mai tauri ko itacen balsa mara nauyi a tsakiya. Muddin ukun suna manne, bangon na da ƙarfi ba nauyi. Da zarar fatar waje ta tsage, ruwa ya kutsa, balsa kan jiƙe ya ruɓe a hankali, ɓarnar ta yi ta yaɗuwa nesa da inda aka ga tsagar, alhali fenti na nan yana ƙyalli.

Gwanin gyara da ƙaramar guduma yake farawa. Yana bin jikin jirgin yana ƙwanƙwasawa, kamar mai zaɓen tukunyar ƙasa a kasuwa: wuri mai lafiya amonsa garau, inda fata ta rabu da ciki kuwa sautin a dushe yake. Sai ya bi da na'urar auna danshi, ya zana iyakar ɓarnar da alli. Daga nan a yanke fatar, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen ciki, a wanke gishiri da ruwan daɗi, domin gishiri na jawo laima daga iska. Sannan a jira ya bushe, abin da kan ci makonni ko watanni.

Wannan jira shi ne inda yanayi ke shiga tsakani. Gam ɗin da ake amfani da shi mai haɗi biyu ne, ana gauraya su ya daskare. Zafi na sa ya kama da wuri tun kafin a gama shimfiɗa zaren, laima kuma na barin wani maiƙo a samansa wanda ke hana shafi na gaba mannewa. Ƙa'idar masu fenti ita ce zafin jikin jirgi ya ɗara ma'aunin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3. Don haka ake kafa rumfar tamfol, a kunna injin zuƙe laima. Amma rumfar da ke kare aiki daga ruwan sama ita ce abu na farko da iska za ta kama, dole a kwance ta duk sa'ad da aka yi gargaɗin guguwa, a rufe ramin da aka buɗe, a sake sabon jira.

Faci ma da lissafinsa. Ba a liƙa shi a bakin rami kawai. Ana gurje gefen ya kwanta, kaurin santimita 1 a ba shi gangaren santimita 12, don sabon zare ya samu wurin kamawa. Abin da ya fi tsorata masana shi ne mahaɗar jikin biyu da dandamali, da katangun ciki da ke riƙe da su, don a teku igiyar ruwa na ɗaga jiki ɗaya tana sauke ɗaya, duk murɗawar a nan take ƙarewa. Injuna biyu ne a katamaran, kowane jiki da nasa. Wanda ya sha ruwan gishiri, in ba a wanke shi an canza mai da gaggawa ba, tsatsa ta gama da shi. Wayoyin lantarki kuwa sauya su ake yi, don gishiri na bin cikin roba yana cin tagulla.

Araha ba ta ado

Bayan kowace babbar guguwa, kamfanonin inshora kan biya masu jirage, su yi gwanjon waɗanda suka lalace. Masu neman sauƙi kan saya, wasu su gyara da gaskiya, wasu su cike rami su shafa fenti su kai kasuwa. Bambancin ba ya fitowa a tudu, sai an yi nisa da gaɓa.

Lokacin shiri ma yana ƙara matsewa. Guguwar Beryl ta faɗa wa tsibirin Carriacou ranar 1 ga Yuli, 2024, tun kakar guguwa na farkonta, ta kuma zama guguwar da ta fi kowace kaiwa mataki na biyar, wato mafi ƙarfi, da wuri cikin kaka a tarihin da aka rubuta na Atlantika. Tsohon lissafin cewa akwai sarari har Agusta bai da tabbas yanzu. Saboda haka mai sayen jirgin da ya taɓa shan guguwa ba ƙyallin fenti zai duba ba. Ya nemi hotunan aikin tun ramin na buɗe, da alkaluman danshin da aka auna kafin a rufe shi, da rahoton mai bincike wanda ba mai sayarwa ne ya ɗauko shi ba. Mai gyaran da ya yi haƙurin jira ba ya jin nauyin nuna waɗannan.