Ɗakin da mota ke ja: zaɓi daidai ƙarfinka

A Amurka da Ostireliya, dattawa da dama kan yi balaguro da ƙaramin ɗaki mai taya wanda mota ke ja. In kana shirin saye, duba ƙarfin jikinka kafin farashi.

Mai rufin tamfol ba shi da nauyin ja, amma sai ka murɗa ka ɗaga rufin, ka zaro gadaje, ka durƙusa ka kafa ƙafafunsa. In ruwa ya jiƙa shi, sai ka sake buɗewa ya bushe. Mai bango mai tauri ya rage maka wannan wahala. Nemi mai jak na lantarki da gajeren matakala.

Kafin ka biya, kafa shi da kanka a gaban dillali. Abin da ka ɗaga da wasa kana shekara 40, a 70 yana iya kwantar da kai.