Kafin Ku Shiga Jirgi Mai Inji, Ku Tambayi Takardarsa

Jama'a, wannan takarda an rubuto muku ita ne a kan jirgin fito mai inji, da wanda ya ke tuƙa shi, da takardun da hukuma ta ce lalle sai ya mallaka kafin ya ɗauki ko da mutum ɗaya. Wani zai ce, ina ruwan malamin asibiti da jirgi? To, ai aikin asibiti ba ba da magani kaɗai ba ne, har da tsare mutane daga abin da zai hallaka su. Zazzaɓi ya kan ba mu kwanaki mu yi ta fama da shi. Ruwa kuwa minti kaɗan ya ishe shi.

Mu nan Ƙofar Ruwa, cikin birnin Kano, suna ne kawai, ba mu da kogi, ba mu da jirgi, sai motoci da ƙarafa. Amma kowa a tashar mota ya san ba a barin mutum ya ɗebi fasinja sai yana da lasin, ita motar kuma sai tana da lamba. Abin mamaki, magidancin da ba zai yarda yaron mota ya tuƙa shi ba, shi ne zai zuba 'ya'yansa cikin jirgin da bai san matuƙinsa ba. Alhali kuwa in mota ta lalace, sauka a ke yi a zauna gindin itace. In jirgi ya lalace a tsakiyar ruwa, ina za a sauka?

Da can ƙasar Kano ba ƙasar jirgi ba ce. Da aka gina manyan madatsun ruwa, irin su Tiga a 1974, da Watari a Bagwai, da Challawa a Ƙaraye a 1992, sai ruwa ya raba waɗansu ƙauyuka da kasuwanninsu da danginsu, fito ya zama dole. Ran 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare ruwan Watari zuwa Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki yara ne 'yan Islamiyya, za su wurin Maulidi. Jirgin ya kife, aka tsamo gawa 29. Allah ya jiƙansu. Hukuma ta ce lodi ne ya yi yawa. A wannan shekara, ran 26 ga Mayu, wani jirgi ya tsage a tafkin Kainji kusa da Wara, a Jihar Kebbi, mutum fiye da 100 suka salwanta. A watan Yuni 2023 kuma wajen Patigi, a Jihar Kwara, masu dawowa daga biki cikin dare suka nutse a Kwara, su ma fiye da 100. Ku lura, kasuwa ce, da biki, da Maulidi, watau ranakun da kowa ke gaggawa, mai jirgi kuma ya ke so ya yi kuɗin mako a sawu ɗaya.

Abin da doka ta ce

Hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa na cikin Nijeriya ana kiranta NIWA. An kafa ta a 1997, babban ofishinta yana Lakwaja. A cikin dokokin sufurin ruwa na 2023, an ce jirgin da zai yi haya sai an yi masa rajista an duba lafiyarsa, matuƙinsa kuma sai yana da lasin. Kowane fasinja sai ya sa rigar da ke hana nutsewa. An hana wuce lodi, an kuma hana tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe.

Na san abin da tsofaffin masu fito su kan ce: ubana ya yi wannan sana'a, kakana ya yi, ba wanda ya taɓa riƙe takarda. Gaskiya ne, kuma ban raina saninsu ba, don akwai wanda ya san ruwansa fiye da duk wani malamin ofis. Amma kakan nan filafili ya ke riƙe da shi, da mutum takwas ko goma, yana tafe a hankali kusa da gaɓa. Inji ya sake al'amarin. Jirgi mai inji yana gudu, ya kan ɗauki mutum hamsin, kuma tsakiya ya ke bi don a rage mai. A ƙarƙashin ruwan madatsa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye. Mai filafili in ya taɓa kututture sai ya kauce, mai inji kuwa dukansa ya ke yi da ƙarfi, katako ya tsage. In inji ya mutu ana iska, jirgi ya kan juya ya ba igiyar ruwa gefensa, nan da nan ruwa ya fara shiga. Waɗannan abubuwa koyonsu a ke yi, ba a gadonsu. Lasin shaida ce cewa wani wanda ba ɗan'uwansa ba ya dube shi, ya ga ya cancanta. Takarda ba laya ba ce, ba ta hana kifewa, amma mai ita yana da abin da za a ƙwace in ya yi ganganci, saboda haka ya kan ji tsoro.

Maigida, kai ne za ka tambaya. Ka ce, "Malam, ina lasin naka? Jirgin mutum nawa ne?" Ba rashin kunya ba ne. In ya fusata, ka sami amsarka. Sa'an nan ka dubi jirgin da idonka. In an gama lodi ka ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, ka sauke iyalinka, ko da ka riga ka biya. Kada a ruɗe ka da ƙidayar kawuna kaɗai. Buhun hatsi ya fi babban mutum nauyi, babur kuwa ya fi buhu. Yara ma, ana cewa ai ba su da nauyi, a ƙara. Su ne ba su iya iyo ba, su ne kuma in sun firgita su kan ruga gefe ɗaya gaba ɗaya, jirgi ya karkata. Malaman makaranta da uwayen biki, ku raba mutanenku sawu biyu ko uku, kowane sawu da manya a ciki, a kuma rubuta sunayen waɗanda suka shiga a bar wa wani a gaɓa. Ka duba ko akwai filafili da abin kwashe ruwa. Matuƙin da ka ga alamar ya sha ƙwaya, kada ka shiga nasa.

Rigar ruwa kuwa ba matashi ba ce da za a zauna a kai. Sawa a ke yi a ɗaure igiyoyinta tamau, ta yaro kuma daidai jikinsa, don in ta yi masa yawa sai ya zame ta ƙasa ta bar shi. In kun ga jirgi yana haya babu takarda ko yana tafiyar dare, ku gaya wa Sarkin Ruwa ko dagaci, su kai maganar gaba.

In an tsamo mutum

Wannan shi ne ɓangarenmu na asibiti. Kada ku rataye shi kai ƙasa, kada ku danna masa ciki wai don ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma amai zai iya shiga huhunsa. Ku kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ku ɗaga haɓarsa, ku duba ko yana numfashi. In ba ya yi, ku toshe hancinsa ku hura masa iska a baki sau 5. Sa'an nan ku danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, da sauri, sau 30, ku hura sau 2, ku yi ta maimaitawa har ya motsa ko taimako ya zo. In yana numfashi, ku juya shi a gefe, ku tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi ku lulluɓe shi da busasshen zane. Ko ya farfaɗo ya ce garau ya ke, ku kawo shi asibiti a ranar, don ruwan da ya shiga huhu ya kan tayar da tari da sarƙewar numfashi bayan sa'o'i, musamman ga yara.