Jirgin Ghana Airways da Tukunya ta Ceta

Mutumin Garu ko Bawku, a arewacin Ghana, da ya je Accra a ƙarshen 2013, ya bi ta kusa da filin jirgin saman Kotoka, zai ga wani ƙaton jirgi kore shar a gefen titi, mutane na hawa matakalarsa ba jaka ba fasfo. Abinci suke zuwa ci. Shi ne La Tante DC10, gidan abincin da aka buɗe a watan Nuwamba na shekarar, cikin gangar jikin wani DC-10 na kamfanin Ghana Airways.

Jirgin ya ga duniya. Ya yi ta jigila tsakanin Accra da Turai da Amurka, har aka tsare shi a filin Heathrow na Landan a 2002 saboda bashi. Kamfanin da aka kafa a 1958, ana murnar 'yancin kai, ya durƙushe a 2005. Jirgin ya yi shekaru a yashe a Kotoka, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, 'yan gwangwan na lissafin alminiyon jikinsa. Sai aka rage kujerunsa zuwa 118, aka jera tebura.

A wasu ƙasashe masu shirya fim ne ke sayen irin wannan gawa. Wani Boeing 747 na Japan aka daddatsa don fim ɗin War of the Worlds na 2005, kuma tarkacen ya zama abin kallo a Universal Studios. Wani kuma da ke Dunsfold a Ingila ya fito a Casino Royale.

Ban raina dabarar Accra ba. Da ba don tukunya ba, da tuni an narkar da jirgin. Amma mai cin shinkafa ba tarihi ya zo karantawa ba, kuma tarihin ne ke salwanta. Ɗauki tarihin alhazan arewa. Kafin 2016, lokacin da aka fara kwasar alhazai kai tsaye daga Tamale, maniyyacin Yendi ko Salaga sai ya gangara Accra, ya yi ta zaman jiran jirgi. Tsofaffin da suka sha wannan wahala suna nan da ransu. Da za a ajiye tsohon jirgi ɗaya a Tamale, a tara fasfunansu da hotunansu, a naɗi muryoyinsu a sa a ciki, da 'yan makarantar Garu sun samu inda za a kai su.