Ɗigo-ɗigo ko Zubin Lokaci-lokaci?

Penisilin da danginsa, irin su meropenem da piperacillin, waɗanda likitoci ke kira beta-laktam, ba yawansu a jini ne ke kashe ƙwayar cuta ba, daɗewarsu ce sama da wani mizani. Da sun yi ƙasa da shi, ƙwayar cuta ta samu sararin farfaɗowa. Shi kuwa majinyacin da cuta ta shiga jininsa, an ɗura masa ruwa leda-leda har magani ya tsinke a jikinsa. Wani ƙodarsa na tace magani da sauri fiye da ta mai lafiya, wani kuma tasa ta tsaya cak. A nan likitoci suka rabu gida biyu kan yadda za a ba da maganin.

Tsohuwar hanya ita ce a zuba maganin ta jijiya cikin minti 30, a dakata sai bayan awa shida ko takwas. Sauƙi gare ta. Ma'aikaciyar jinya ta rataya, ta cire, layin jijiyar ya koma ɗaukar wani magani. Sai dai kafin zubi na gaba, jinin majinyaci kan wayi gari kusan fayau.

Ɗaya hanyar kuwa, a fara da zubi guda mai ƙarfi, sannan inji ya riƙa tura maganin ɗigo-ɗigo dare da rana. Maganin ba ya faɗuwa ƙasa da mizanin, amma hanyar tana cin layin jijiya guda, tana buƙatar inji da wutar lantarki mai ɗorewa. Ga meropenem kuma, in an narkar da shi ba ya jure daɗewa, balle a zafi irin na Sakkwato ko Maiduguri, dole a riƙa sabunta shi.

Gwajin BLING III da mujallar JAMA ta buga a 2024 ya auna hanyoyin biyu a kan majinyata sama da 7,000. Cikin kwana 90, kashi 24.9 cikin ɗari na masu ɗigo-ɗigo suka rasu, ɗaya ɓangaren kashi 26.8. Tazarar ba ta kai a yanke hukunci da ita kaɗai ba, amma waɗanda cutar ta sake su sun fi yawa a ɓangaren ɗigo: kashi 55.7 da kashi 50.

A ganina, inda inji da wuta da ma'aikata suka wadata, ɗigo-ɗigo ya fi. Inda ba su wadata ba, a tsawaita kowane zubi zuwa awa uku ko huɗu, a kuma duba aikin ƙodar majinyaci kullum kafin a rage ko a ƙara.