Labarin Robert Penn Warren, Marubucin Kudancin Amurka

Ka sani, ya mai karatu, a Kudancin Amurka ne aka daɗe ana bautar da baƙar fata a gonakin auduga da na taba, har aka yi yaƙi a kan haka, aka 'yanta bayi a 1865. A can aka haifi wani Bature, Robert Penn Warren, a garin Guthrie na jihar Kentaki, cikin 1905.

Burinsa tun yana yaro ya zama sojan ruwa. Ana nan sai ƙanensa ya yi jifa, ya same shi a ido, idon ya mutu. Shi ke nan, ya tafi jami'ar Vanderbilt, ya shiga cikin masu tsara waƙa.

A 1934 ya sami aikin malanta a jihar Luwiziyana. Mai faɗa a ji a can sa'an nan shi ne Huey Long, wanda ya yi gwamna. Ya gina hanyoyi da gadoji, ya raba wa yara littattafai kyauta, amma wanda duk ya ja da shi ya ga ta kansa. A 1935 aka harbe shi. Warren ya yi ta juya al'amarin nan a zuci, har ya fitar da littafinsa All the King's Men a 1946. Labarin wani ɗan talakawa ne, Willie Stark, da ya hau mulki don ya taimaki talakawa, ya koma yana tonon asirin mutane don ya tanƙwara su. To, asibitin da aka gina ta wannan hanya, alheri ne ko zalunci? Da tambayar nan littafin zai bar ka.

Shi kansa Warren, a 1930 ya rubuta cewa a bar fari da baƙi kowa a gefensa. Daga baya ya janye maganar a bainar jama'a, abin da ba kowane malami ke iyawa ba. A 1964 ya bi shugabannin baƙar fata, har da Martin Luther King da Malcolm X, ya ji ta bakinsu, ya buga a littafi a 1965.

Ya ci kyautar Pulitzer sau uku, ɗaya don labari, biyu don waƙa. Ya rasu a 1989.