Kifin Da Ya Ke Shekara Ɗaruruwa

Can arewacin duniya, kusa da tsibirin Girinlan, akwai teku mai tsananin sanyi. A zurfinsa wani ƙaton kifi ya ke zaune, ana ce da shi shak na Girinlan. Tsawonsa ya kan kai ƙafa 16, amma tafiyarsa sai ka ce ta hawainiya. Girman da ya ke ƙarawa a shekara bai kai rabin inci ba.

Masana su kan gane shekarun kifi ta ƙidaya zoben da ke cikin ƙashinsa. To, wannan ba shi da ƙashi mai tauri, sai guringuntsi. Ina dabara? Sai Julius Nielsen na ƙasar Danmak da abokan aikinsa suka koma ga ido, gama tsakiyar ƙwayar idon tun yana cikin uwarsa ta ke samuwa, ba ta kuwa sakewa. Suka gwada idanun mata 28, galibinsu a tarun masunta suka mutu. A 2016 suka bayyana cewa babbarsu ta yi aƙalla shekara 272, watakila ma ta kusa 400.

Macen ba ta haihuwa sai ta kai wajen shekara 150. Wadda ta faɗa taru tana da shekara 100, ta mutu ke nan ba ta bar baya ba.